'YAR RAKIYA

Shafi na 19

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta ɗauke, caji ya gagara. Masu turo min saƙo cewa Shahida ta cika tsanani kuwa, duk na gani, har da ke da kika ce in da ƙanwarki ce da kin ja mata kunne. Ku karanta wannan tukuna. Ni kaina sai da na ajiye wayar na share fuska kafin na ƙarasa rubuta shi.

*

"Ki koma waje."

Shahida ba ta ma ɗaga kai sosai ba da ta faɗa. Tana tsaye a ƙofar ɗakin yara masu tsananin ciwo, sanye da shuɗiyar rigar 'yan sa kai, hannu ɗaya riƙe da bokitin kofunan madara, ɗayan ta tokare ƙofa da shi.

Shatu ta tsaya cak. Ita ce 'yar Fulanin nan da ta rako wata tsohuwa, Goggo, daga rugarsu ta bayan Gwiwa, ranar da aka kawo ƙaramin yaro Lawal a kan mashin, kansa yana lilo.

"Leƙawa kawai zan yi, malama."

"Jiya ma leƙawa kika ce. Yaro ɗaya, mai jinya ɗaya. Ba ni na kafa dokar ba."

"Ai Goggo ta fita."

"Na ga fitarta, za ta dawo. Ke ba uwarsa ba, ba mai jinyarsa ba. Da bakinki kika ce min rakiya kika yi, ko ba haka ba?"

Shatu ta sunkuyar da kai.

"Haka ne."

"To rakiya a bakin ƙofa take ƙarewa. Je ki gindin dalbejiya wajen sauran."

Ba ta yi musu ba. Ba ta taɓa yin musu ba ma, abin da ke ƙara ba Shahida haushi kenan. Ta ja mayafinta ta juya, takalminta na roba yana maƙalewa a taɓo.

Kada ku ga laifin Shahida da yawa. Damina ce, zazzaɓin sauro ya cika asibitin yaran nan na Kazaure har baranda. Gado ɗaya yara biyu, wani ma uku. Daga Roni ake kawowa, daga Babura, daga Yankwashi, kowa da dangi a bayansa. Kwanaki wata mai dubiya ta ja robar ƙarin ruwan wani jariri da gefen zaninta, jini ya ɓata gado, da ƙyar aka sake samun jijiya. Tun ranar Sista Lailatu, shugabar ɗakin, ta ɗora wa Shahida tsaron ƙofa a kan dama madara da goge jikin yara da take yi. Ita kuwa yarinyar, ba albashi take karɓa ba, zaman jiran sakamakon jarrabawa ne ya ishe ta ta kawo kanta, amma in ta riƙe abu ba ta san sassauci ba.

Ta ajiye bokitin ta shiga ciki.

Kamar yadda ta zata, Lawal shi kaɗai ne a gefen gadonsa, robar iska a hancinsa, ba kowa a kansa. Bai kai shekara biyu ba. An ƙara masa jini jiya, amma tafin hannunsa yana nan fari fat, leɓɓansa sun bushe. Jikinsa kuwa zafi rau, ko hannu ba ka iya daɗewa a kai.

Ta tsoma tsumma a ruwa ta fara goge masa wuya tana ƙunƙuni.

"Tsohuwar nan za ta kashe ni. Yaro a wannan halin, ita tana can tana yawo da buta."

Matar gado na gaba, wata 'yar Roni mai jinyar 'yarta, ta kalle ta kamar za ta yi magana, sai kuma ta fasa.

An jima sosai kafin Goggo ta dawo. A hankali ta shigo, butarta a hannu, gefen zaninta ya jiƙe. Tun daga ƙofa idonta yake kan gadon. Da ta ga Shahida ce zaune a wajen, sai fuskarta ta canza.

"Sannu likita."

"Ni ba likita ba ce, Goggo, na sha faɗa miki. Don Allah alwala sau nawa ake yi tsakanin azahar da la'asar?"

Tsohuwar ta ajiye butar a ƙarƙashin gado.

"Ba wanda ya shigo?"

"Wa zai shigo? Ni ce nan na shigo na tarar da shi yana neman tuge robar hancinsa. In wani abu ya same shi kina waje, me za ki ce? Ke ce kika ce ke ce uwarsa ke ce komai nasa. Haka ake jinya?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ki zauna a kansa. In kika ƙara fita, wallahi Sista zan faɗa wa."

Goggo ta zauna a bakin gadon ta kama ƙafar yaron tana murzawa.

Sista Lailatu ta iso gadon tana share gumi da bayan hannu. Tun safe ba ta zauna ba. Ta buɗe idon Lawal ta duba, ta ɗora abin sauraron ƙirji, ta danna farcensa ta saki. Sannan ta ja Shahida gefe, ta rage murya.

"Yaron nan sai addu'a."

Shahida ta waiga ta dubi gadon.

"Ba za a tura su Kano ba?"

"Likita ya duba shi ɗazu. Ba zai kai ba, a hanya zai tafi. In akwai wani nasa a kusa, a kira shi ya gan shi. Ina uban?"

"Ta ce ya yi kudu da shanu, wayarsa ba ta shiga."

"Uwar fa?"

"Ai ta rasu."

"Ita ta faɗa miki?"

Shahida ta girgiza kai.

"Na tambaya ina uwarsa, ta ce ita ce. Na ga shekarunta, sai na ɗauka marayan jika ne take riƙo."

Sista ta buɗe baki kenan wata mata ta ƙwala ihu daga ƙarshen ɗakin, ɗanta ya sandare yana fizge-fizge. Sista ta saki Shahida ta ruga.

Shahida ta ɗauki bokitin kofunanta ta fita. Ba wankin ne ya dame ta ba, so take ta sami inda za ta yi numfashi. Tun da ta fara aikin nan ta ga yara sun tafi, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma har yau ba ta saba ba. Kowanne sai ya bi ta gida ya hana ta cin tuwon dare.

Famfon yana bayan ɗakin. Hadari ya haɗo ta wajen madatsar ruwa, gari ya yi duhu, amma ruwan bai sauko ba.

Tana shan kwana ta gan ta.

Shatu ce durƙushe a ƙarƙashin taga, ta jingina kunnenta da bango. Tagar da ke saitin gadon Lawal.

"Ikon Allah! Ke wai ba kya jin magana ne? Na ce gindin dalbe…"

Daga ciki kukan yaro ya fito. Siriri, a gajiye, da ƙyar ake jin sa cikin hayaniyar ɗakin. Shatu ta runtse ido, ta dafe ƙirji da hannu biyu.

Shahida ta bi hannun da kallo.

Gaban rigar ya jiƙe. Wuri biyu, dama da hagu, danshin yana ƙara faɗi tana kallo. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ko ɗigo babu. Ta sake duban rigar.

Bokitin ya suɓuce daga hannunta, kofuna suka watse a ƙasa.

"Shatu."

Da sauri ta ja mayafi ta rufe.

"Shatu, ina jaririnki?"

"Ba ni da jariri."

"To wannan fa?"

"Ya kusa ƙafewa ai. Da aka yi shuka aka yaye yaron Goggo. In ya yi kuka ne kawai yake zubowa, ba ni nake sa shi ba, malama. Ki yi haƙuri, yanzu zan bar wajen."

Ta yunƙura za ta tashi. Shahida ta riƙe mata hannu, ita ma ta durƙusa a taɓon, ba ta ko tuna da rigarta ba.

"Dube ni. Ɗanki ne?"

"Na Goggo ne."

"Ban ce na wa ba. Wa ya haife shi?"

Shatu ta kawar da fuska wajen bango. Hawaye ya gangaro ya tsaya a haɓarta.

"A ɗakina aka same shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Shahida ta saki hannunta. Ta zauna daɓas.

"Me ya sa? Me ya sa ba ki faɗa min ba? Na tambaye ki fa! Ranar da kuka zo na ce ke mece ce tasa, kika ce ba komai!"

"A gaban Goggo kika tambaye ni."

"To sai me?"

"Ƙanwar babana ce, kuma uwar mijina. Yaron kuwa na fari ne. Da wane bakin zan ce nawa ne tana tsaye?"

"Bayan nan fa? Kullum kina zuwa ƙofa ke kaɗai!"

"Ƙofar cike take da mutane, malama. Kuma na riga na ce rakiya na yi. In dawo in ce ƙarya na yi, a ce ga marar kunyar da ta zo tana shelar ɗan fari a asibiti?"

"Yana mutu…" Shahida ta haɗiye sauran maganar. "Ba shi da lafiya, Shatu. Sosai. Ana kunya a nan?"

Shatu ta goge hanci da gefen mayafi. Muryarta ƙasa ƙasa, ba faɗa a ciki, ba zargi, kuma wallahi da zaginta ta yi da ya fi wa Shahida sauƙi.

"A gida ba ma samun matsala. Tun yana jariri ban taɓa ɗaukarsa a gabanta ba, nono ma sai na shige bukka. In ta ga ina so, sai ta ɗauki buta ta ce za ta zagaya. Ta daɗe. Ni kuma in ɗauke shi, in yi masa wasa, in shinshina kansa. In na ji tarinta daga nesa sai in mayar da shi inda ta bar shi. Ba ta taɓa cewa ta sani ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba."

Ta ɗago ta dubi Shahida karo na farko.

"In kika ga Goggo ta fita da buta, ni take fitar wa."

Shahida ta toshe bakinta da hannu.

Duk fitar nan. Duk faɗan da ta yi wa tsohuwa a gaban mutane, ta kira ta marar kula. Ashe wuri take bayarwa, ita kuma tana tsaye a ƙofa ta tokare da hannu.

Abin da ya fi ci mata rai, ba baƙon abu ba ne a wajenta. A gidansu ma Umma ba ta kiran sunan Yaya Rilwanu, sai dai ta ce "wancan yaron", su yi ta dariya suna tsokanarta. Ta ɗauka abin wasa ne na ranar suna da ranar biki. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai wadda za ta riƙe shi har bakin gadon asibiti ba, ɗanta yana kuka tana jin sa ta bango.

Ta miƙe ta fizgo hannun Shatu.

"Taso."

"Dokar fa?"

"Ni ce dokar yau. Taso don girman Allah!"

Suka zagayo da gudu. Ruwan ya fara sauka, manyan ɗigo. Masu dubiya da ke gindin dalbejiya suna ta tattara tabarmi suna neman baranda, ba wanda ya kula da su.

A bakin ƙofa Shatu ta turje.

"Shiga mana!"

"Tana ciki."

Shahida ta leƙa. Goggo tana bakin gadon, ta riƙe hannun Lawal. Sista Lailatu ta dawo kansa, ta sunkuya tana ƙara iskar, fuskarta ba annuri. Numfashin yaron ya canza, yana ja da ƙarfi, ya tsaya, sannan ya sake ja.

"Shatu, babu lokaci. Ki shiga haka nan."

"Ba zan iya ba."

"Ki rufa min asiri!"

"Ƙafata ba za ta ɗauku ba, malama. Tana zaune."

Idonta a kan gadon, amma ƙafar ko motsi ba ta yi.

Shahida ta sake ta, ta kutsa tsakanin gadaje, ta zube a gaban tsohuwar gwiwa biyu.

"Goggo, ki yafe min."

Goggo ta dube ta, ta dubi ƙofa, ta ga gefen mayafin Shatu. Nan take ta gane.

"Ta faɗa miki?"

"Ba ta faɗa ba. Ni na gani."

"Ai na san ba za ta faɗa ba." Ta gyaɗa kai. "Na gaji da alwala, 'yar nan. Dubi ƙafata yadda ta kumbura. In fita in tsaya a bayan banɗaki, ruwa ya dake ni, sauro ya cije ni, ina cewa yanzu ta ɗauke shi, yanzu ya ji ɗuminta. In dawo in tarar da ke."

"Da kin ja ni gefe, Goggo. Kalma ɗaya."

"In ce me? In ce ga uwarsa can? Yarinya ta riƙe mutuncinta tun da ta shigo gidana, ni kuma in kwance mata zani a cikin mutane? Kuma mu mutanen daji, in mai rigar aiki ya ce fita, fita muke yi. Muna tsoron kada a ce mu kwashe yaronmu mu tafi."

Sista Lailatu ta ɗago, ta dubi Shahida, ta dubi ƙofa.

"Waccan ce uwar?"

Shahida ta gyaɗa kai tana kuka.

"La'ilaha illallahu. Me take jira? Ta shigo yanzu-yanzu!"

"Ba za ta shigo ba in Goggo tana nan."

Sista ta juya ga tsohuwar, ta sassauta murya.

"Inna, ba zan ɓoye miki ba. In kika fita, ban ce za ki dawo ki same shi ba."

Goggo ta daɗe tana kallon yaron. Ita ta karɓe shi ranar da aka yaye shi, a bayanta yake yini, a gefenta yake kwana. Shi kaɗai ne jikan da ɗanta ya ba ta. Ta ɗora tafinta a kansa, leɓɓanta suna motsi. Ta gyara masa wuyan riga, ta sake gyarawa, duk da ba abin da ya karkace.

Sannan ta dafa gado ta miƙe da ƙyar. Ta ɗaga murya, ba da kowa take ba.

"Bari in zagaya. La'asar ta gabato."

Ta bi tsakanin gadaje tana ɗingishi. Da ta iso ƙofa, Shatu ta durƙusa har ƙasa ta kawar da kai. Goggo ta wuce ta gefenta tana kallon ɗaya wajen, kamar ba ta ga kowa ba, ta fita cikin ruwan.

Shatu ta shigo.

Ba gudu ta yi ba. A hankali ta tako, hannayenta a gaba. Matar nan 'yar Roni ce ta fara juya baya ta fuskanci bango. Sai ta kusa da ita. Sai ta gaba. Kafin Shatu ta kai gadon, duk matan layin nan sun kawar da fuska, wata tana gyara zanin ɗanta, wata tana kallon taga. Ba wadda ta ce da wata ta yi.

"Ɗauke shi," in ji Sista. "Ki kula da robar kawai."

Ta sa hannu ta ɗago shi. Kansa ya faɗa a wuyanta. Ta zauna a bakin gadon ta rungume shi a jiƙaƙƙen ƙirjinta, ta cusa hancinta a gashinsa ta ja numfashi mai tsawo. Tana jijjiga shi tana yi masa wata magana da Fillanci can ƙasan maƙoshi, Shahida ba ta ji ko ɗaya ba.

Sista ta zagaya ta bayanta, ta ɗora abin sauraro a gadon bayan yaron.

Shatu ta shafa ƙafarsa. Ta shafa hannunsa. Ta ɗora kumatunta a goshinsa. Sai ga murmushi a fuskarta, na farko da Shahida ta taɓa gani tun zuwansu.

"Malama, taɓa ki ji."

Shahida ta kasa miƙa hannu.

"Taɓa mana. Zafin ya tafi. Jikinsa ya yi sanyi."

Shahida ta dubi Sista Lailatu. Sista ta matsar da abin sauraron zuwa hagu. Ta tsaya. Ta sake matsar da shi ƙasa kaɗan, ta danna sosai, ta rufe ido. Ba ta ɗago ba.

Shatu tana ta jijjiga shi, tana kallon Shahida da murmushinta.

"Zazzaɓin ya sauka ko, malama?"